Turmina na ƙasa ya kumbura: in cire ne ko in yarda a yi min rut kanal?

Sani_Mile12

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, don wlh kwana huɗu kenan ban yi baccin kirki ba. Haƙorin turmi ne na ƙasa ɓangaren dama, na uku in ka ƙirgo daga can ƙarshe, ya daɗe da kogo, kusan shekara biyu ina lallaɓa shi, in nama ya shiga in sa tsinke in fitar, in ya motsa in sa kanumfari ya lafa. Watannin baya ko ruwan sanyi na kurɓa sai na ji har tsakiyar kaina, daga baya kuma ya yi shiru gaba ɗaya na ce alhamdulillah ya warke. Toh satin nan sai ga shi ya dawo da wani salo, yanzu ba ruwansa da sanyi, in na haɗe haƙorana ne nake jin kamar ya fi sauran tsawo, ga wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi gefensa, in na danna sai mugunya ta fito mai ɗan gishiri-gishiri da wari.

Na je kemis ɗin unguwarmu ya haɗa min Amoxil da Flagyl da maganin ciwo, ya ɗan sauka amma bai tafi ba. Jiya dai na bar yaro a kan albasa na tafi wani asibitin haƙori na kuɗi wajen Ketu a nan Legas, suka ɗauki hoto, likitan ya nuna min wani baƙin tabo a ƙarƙashin saiwar ya ce jijiyar haƙorin ta mutu kuma ciwon ya sauka cikin ƙashi. Ya ce zaɓi biyu ne, ko a cire a wuce wurin, ko a yi rut kanal wato a wanke cikin saiwar a cike sannan a sa masa hula, wato murfin da ake kifa wa haƙorin. Kuɗin da ya faɗa min na rut kanal da hular in ka haɗa ya ninka na cirewa wajen sau takwas, kuma sai na zo sau uku ko huɗu, ni kuma kun san yadda kasuwa take, motar kaya in ta sauka da asuba ba ta jiran kowa.

Shekarata 34. Abokan sana'a duk cewa suke cire kawai Sani, haƙori ɗaya ne cikin 32. Amma zuciyata ba ta kwanta ba shi ya sa na ce bari in tambaya a nan. Wanda ya yi rut kanal ɗin nan, yana ɗorewa kuwa ko asarar kuɗi ce? Wanda ya cire kuma ya ya ƙare da giɓin?

Maman_Khalifa_Agege

Wa alaikumus salam, sannu Malam Sani, Allah ya ba ka lafiya, ciwon haƙori wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, ni na haihu sau uku amma daren da turmina ya kama ni sai da na zauna a ƙasan ɗaki ina kuka yara suna kallona. Ni cirewa na yi, irin naka ne sak na ƙasa amma na hagu, yau shekara shida kenan, kuma a lokacin na ji daɗi don washegari na yi bacci kamar an sauke min dutse. Abin da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa min shi ne abin da zai biyo baya. A hankali na bayansa ya fara kwantowa cikin giɓin, yanzu in na buɗe baki a madubi a karkace yake kamar bishiyar da iska ta tura, na sama kuma da yake ba abin da yake cizawa sai ya zazzago ƙasa ya fi 'yan uwansa tsawo. Tsakanin wanda ya karkace da dasashi kullum abinci na maƙalewa, har shi ma ya fara kogo an cike min shi bara.

Kuma tauna duk ta koma ɓangare ɗaya, ban ma lura ba sai da ƙanwata ta ce Yaya me ya sa kike cin nama da gefe guda. Da na koma tambayar yadda za a cike giɓin aka ce wurin ya matse kuma ƙashin ya ɗan lotsa saboda an daɗe, aikin ya fi da wahala, kuɗin da aka faɗa min ya fi na rut kanal ɗin da na gudu tun farko. Ni dai in da za a mayar da ni baya kuma likita ya ce haƙorin zai gyaru, wlh ko adashe zan ɗauka in gyara shi. Kai da kake da ƙuruciya ma, shekara nawa za ka yi kana tauna nan gaba in Allah ya ba da rai.

Alh_Garba_AlabaRago

Hajiya na ji bayaninki amma ni nawa labarin daban ne. Ni na yi rut kanal ɗin, zuwa uku na yi, duk zuwa sai na ci goslo daga Ojo, na biya kuɗi masu yawa, ciwo ya tafi gaskiya ba zan yi musu ƙarya ba. Aka ce in dawo a sa hula, na ga ai ba ya ciwo kuma hidimar sallah ta taso kuɗi suka shige cikin raguna, na ce sai bayan sallah, bayan sallah ta zama wata takwas. Ranar nan ina cin kilishi da wani yaro ya kawo min tsaraba sai na ji ƙas, na tofo rabin haƙori a tafin hannuna. Da na je aka ce ya tsage har cikin saiwa ba abin da za a iya sai cirewa, kuma cirewar ta ba su wahala don gutsi-gutsi yake fitowa. Ka ga na biya sau biyu kenan kuma ƙarshe giɓin dai na samu.

Don haka Sani ɗana ni shawarata ka duba aljihunka da gaske. In ka san kuɗin hular nan ba za su samu ba cikin sati kaɗan bayan aikin, kar ka fara, cire abinka ka huta. Kuma mu da muka manyanta da yawa cikinmu akwai giɓi ɗaya ko biyu a baki, muna cin tuwonmu lafiya lau.

Nas_Hauwa

Salam. Malam Sani sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren haƙori, kullum ina tsaye gefen likita ana irin wannan aikin, ba zan iya yanke maka hukunci ba tunda ban ga bakinka ko hotonka ba amma bari in ɗan warware maka yadda abin yake don ka san tambayar da za ka yi in ka koma.

Na farko, shirun da haƙorin ya yi maka kwanakin baya ba warkewa ba ce, lokacin ne jijiyar ta mutu. Cikin kowane haƙori akwai rami mai ɗauke da jijiya da ƙananan hanyoyin jini, in kogo ya kai can ƙwayoyin cuta suka shiga sai naman ya ruɓe, su kuma su bi ta ƙasan saiwa su fita cikin ƙashi, shi ne baƙin tabon da aka nuna maka, ƙurjin dasashin kuma ƙofa ce da mugunyar ta huda wa kanta. Shi ya sa Amoxil da Flagyl ba za su taɓa gama maka da shi ba, magani ta jini yake tafiya, cikin mataccen haƙori kuma jini ya daina shiga, za su kwantar da kumburin kewaye ne kawai gidan cutar yana nan. Muna ganin mutane sun sha kati biyar kati shida cikin shekara suna zagaye kemis, ƙarshe su zo da fuska a kumbure. Dole ɗayan biyu, ko a wanke ramin ko a fitar da haƙorin gaba ɗaya.

Shi rut kanal ga yadda ake yi. Za a yi maka allurar kashe wurin, a huda saman haƙorin, a nemo ƙananan hanyoyin da ke cikin saiwa, irin turminka na ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi amma hanyoyin uku ne ko huɗu, shi ya sa ya fi na gaba tsada da cin lokaci don na gaba galibi hanya ɗaya ce. Sai a sa wasu siraran ƙarafa kamar allura a kankare cikin, ana yi ana wankewa da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, in akwai mugunya sosai a zuba magani a rufe na wucin gadi ka tafi ka dawo bayan sati ɗaya ko biyu, in ya bushe sai a cusa wani abu kamar roba da ake kira gata-faca a toshe hanyoyin har ƙasa, a ɗauki hoto a tabbatar ya kai. Maganar da ake yaɗawa cewa azaba ce, gaskiya yawancin waɗanda nake gani gajiyar buɗe baki ce ta fi damunsu, wasu har gyangyaɗi suke. Sai dai in wurin yana cikin tsananin kumburi allura ba ta kamawa da kyau, wannan ko cirewa za a yi haka ne, ka faɗa wa likita in kana ji a ƙara maka, kar ka daure.

Abin da ya samu Alhaji kuwa, Allah ya ba da haƙuri Baba, shi ne abin da ya fi kashe aikin nan a wurinmu. Haƙorin da kogo ya riga ya cinye sannan aka huda tsakiyarsa ya zama kamar tukunyar ƙasa da aka rarake, turmi kuma shi ke ɗaukar nauyin tauna, in ba a sa masa hular da za ta ɗaure shi ta ko'ina ba wata rana zai tsage, in tsagar ta sauka saiwa shike nan. Don haka in kana lissafi ka haɗa da kuɗin hula tun farko kamar yadda Baba ya ce, aiki ɗaya ne ba biyu ba.

Tambayoyin da zan so ka yi wa likitan, ka ce ya faɗa maka tsakani da Allah bangon haƙorin da ya rage sama da dasashi ya isa ya riƙe hula? Akwai alamar tsagewa? Yana girgiɗi, ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye? In ruɓewar ta gangara ƙasan dasashi ko ya tsage ko yana rawa sosai, cirewa ta fi, kar ka zuba kuɗi a rijiya. In kuma bangon da sauransa kuma saiwar lafiya, a shekarunka ni zan ce a gyara, don wannan turmin tun kana ɗan shekara 6 ya fito kuma shi ne ginshiƙin taunarka, ba kamar na can ƙarshen ba da ke fitowa bayan an girma wanda in ya lalace yawanci cire shi ake yi ba a wahalar gyara shi. Rut kanal da aka yi da kyau aka sa hula yana iya kai mutum shekaru masu yawa, wasu har ƙarshen rayuwa, amma ba na ce ɗari bisa ɗari ba, akwai wanda ciwon ke dawowa sai an sake buɗewa, shi ya sa ake so ka koma a sake hoto bayan wata shida zuwa shekara a ga ko tabon yana cikewa.

Batun kuɗi, kafin ka yanke ka gwada asibitin koyarwa, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen haƙori, yawanci asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi sai dai ka ware lokaci ka yi sammako. Ka tafi da hotonka in sun ba ka. Kuma ko a na kuɗin ne ka tambaya ko za ka iya biya kashi-kashi tunda zuwan ma kashi-kashi ne, da yawa suna yarda.

Abu na ƙarshe kuma dan Allah wannan kar ka yi wasa da shi. In ka ga kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu tana gagara, ko zazzaɓi mai zafi, ko numfashi ya fara canzawa, ko tsakar dare ne ka tafi imajensi kar ka jira gari ya waye. Ciwon turmin ƙasa yana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ya toshe maƙogwaro, na ga wanda aka kawo a haka kuma daga ƙaramin kogo ya fara.

Sani_Mile12

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Hajiya da Alhaji na gode da kuka faɗi gaskiyar abin da ya same ku. Malama Hauwa wlh bayaninki ya fi wanda aka yi min a asibitin, can sauri ake. Tambaya ɗaya, wani a kasuwa ya ce in na cire daga baya ana iya dasa wani na ƙarfe, in haka ne ba gara in cire yanzu in na samu kuɗi in dasa ba? Sannan akwai mai maganin gargajiya da ke zagayawa yana turara wa mutane hayaƙi wai tsutsa na faɗowa, har na yi niyyar gwadawa.

Nas_Hauwa

Dashen gaskiya ne, ana kafa wani ɗan ƙarfe na titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi a jira wajen wata uku ko fiye ya kama sannan a ɗora haƙori a kai, yana da kyau sosai amma shi ne mafi tsada a duk zaɓin, ya fi rut kanal da hula nesa, kuma in ka daɗe ba ka yi ba ƙashin wurin yana raguwa kamar yadda ya faru da Hajiya. Akwai gada, wato a fere haƙoran gefe biyu a ɗaura na tsakiya a kansu, ka ga an taɓa lafiyayyu biyu saboda ɗaya. Akwai kuma na roba mai cirewa da mayarwa, shi ne mai araha amma mutane da yawa a aljihu yake ƙarewa. In kuɗin rut kanal ya yi maka nauyi yau, na dashe zai fi.

Maganar tsutsa kuwa babu tsutsa a cikin haƙori Malam Sani, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale suna fitar da tsami yana narkar da haƙori. Kuma dan Allah kar ka ɗora asfirin a kan dasashi ko ka ɗiga ruwan batir ko fetur, ƙona naman suke yi, muna ganin bakin mutane ya yi fari fat ya saluɓe. Kanumfari ba laifi yana ɗan rage zugi, iyakarsa kenan. In kana da olsa ka guji ibuprofen ka tsaya kan farasitamol, in kana da ciwon suga ko hawan jini ko kana shan maganin tsinka jini ka faɗa wa likita kafin ya taɓa ka.

Dan_Borno_Apapa

Ni direban tirela ne, nawa cirewa aka yi don ya riga ya farfashe ba abin gyarawa, kuma ban yi nadama ba, amma in ka ƙare a cirewa ga abin da zan gaya maka ɗan uwa. An ce min in cije auduga wajen rabin awa, kar in kuskure baki ranar, kar in yi ta tofar da yawu, kar in sha sigari, gishiri da ruwan ɗumi sai washegari a hankali. Ni kuma muna layin shiga tashar jirgin ruwa zaman ya yi tsawo, da yamma na kunna kara ɗaya na ce ai ba komai, na kuma yi ta wasa da harshe a ramin. Kwana uku sai wani ciwo ya taso wanda ya fi na farko, har kunne har ido, baki na wari, na haska da fitilar waya na ga ramin fayau ƙashi a waje, ashe gudan jinin da ya kamata ya zauna ya rufe wurin ne ya fita. Sai da na koma suka wanke suka cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari sannan na samu kaina, kusan sati biyu ban ɗauki lodi ba. Don haka kar ka ɗauka cirewa zuwa ɗaya ne shike nan, ita ma tana da dokokinta, kuma kar ka bari wani a bakin titi ko a kemis ya sa maka filaya, ka je wurin likitan haƙori na gaske mai rajista.

Sani_Mile12

Salam jama'a, na dawo in ba ku labari tunda kun damu da ni. Shekaranjiya na yi sammako na je wani asibitin na biyu da hotona, na yi tambayoyin da Malama Hauwa ta ce ɗaya bayan ɗaya har na rubuta su a bayan rasit don kar in manta. Likitar ta sa wani ɗan ƙarfe ta zagaye dasashin tana aunawa, ta girgiza haƙorin, ta ce bango uku lafiya lau ɗaya ne ya karye kuma bai gangara ƙasa ba, ba ta ga tsaga ba amma sai ta buɗe za ta tabbatar, in ta buɗe ta ga tsaga za ta faɗa min mu koma maganar cirewa. Na yarda. A ranar ta huda, wlh da mugunyar ta fito warin har ni na ji, amma tana fita na ji kamar an sassauta min ɗaurin kai, ta ce hanyoyi huɗu ta samu, ta zuba magani ta rufe da farin abu na wucin gadi. Allurar ce kawai na ji, sai muƙamuƙi da ya gaji. Jiya na yi bacci har aka kira assalatu ban sani ba.

Alhaji maganarka ta hula tana raina, kuɗinta na riga na cire daga cinikin jiya na damƙa wa maiɗakina na ce ko ni na tambaya kar ta ba ni sai ranar. An ce kar in tauna komai mai tauri da gefen har a gama, na bar goro da rake tukuna. Komawa ta biyu ranar Talata ta sama ne da ƙarfe tara. Malama Hauwa in farin abin nan ya ɗan gutsire kafin ranar, in jira ne ko in koma da wuri? Don ɗazu ina shan koko na ji kamar ɗan yashi a harshena.